Uban Gida da Bara: Tarihin Amanar da Muke Kukan Ta Ɓata

  

Waɗanda sunka halarci taron ƙungiya na bayan Sallar Layya sun ga abin da ya faru. Muna cikin maganar yaran da za a kai birni bana, sai wani dattijo daga cikin masu kanti ya ce shi kam ya bar ɗaukar yaron kowa, domin yaran yanzu ba su da amana. Ka ɗauki yaro, ka ci da shi, ka koya mashi ciniki, ran da ya ji inda za a ƙara mashi jika biyu sai ka wayi gari ba ya nan. Bai rufe baki ba sai wani saurayi ya miƙe daga can baya ya ce, "Baba, a gafarce ni, amma masu gidan yanzu su ma ba su da alkawari." Nan wuri ya ruɗe, kowa na son ya yi magana, har shugaba ya kashe zancen. Ya ce tun da ni mushe ne, alli da takarda aikina, in je in bincika yadda abin yake tun asali, in rubuto a karanta. To, na zauna da tsofaffi, na tuno abin da kakana ya sha gaya mini kafin Allah ya yi mashi rasuwa, na kuma duba littafin da wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta a kan Alhazan Maraɗi a 1986. Abin da na gano shi ne, amanar nan da muke kuka da ita ba daga sama ta faɗo ba, kuma ba don mutanen da sun fi mu tsoron Allah kaɗai ba ne. Tana da ƙafafun da ta tsaya a kai, ƙafafun nan ne sunka karye ɗaya bayan ɗaya.

Sai mu fara da barance, domin yaran da anka haifa bayan 1990 da yawa ba su san shi ba sai a baki. Bara dabam, bawa dabam. Bawa saye ake yi ko kamu, amma bara da ƙafarshi ya zo, kuma da ƙafarshi yake iya tafiya. Haka nan bara dabam, ɗan ƙwadago dabam. Ɗan ƙwadago ya yi maka noman yini, ka biya shi da marece, kun rabu ke nan, babu mai bin wani. Bara ba ya da albashi ko na dala ɗaya. Abin da ke tsakaninshi da uban gidanshi magana ce ta shekaru, wadda sau da yawa ko faɗinta ba a yi, amma kowa a gari ya san ta.

Kakana ya shiga Maraɗi a 1946, shekara guda bayan ruwan gulbi ya cinye tsohon gari, anka tashi mutane anka maida su bisa tudu. Yana da shekara goma sha biyar ko kusa da haka. Ubanshi ne ya kai shi da kanshi wurin wani ɗan kasuwa wanda mahaifiyarshi ƴar garinmu ce. A zaure, gaban liman da mai unguwa, ya kama hannun yaron ya sa cikin hannun mutumin, anka yi fatiha, anka raba goro. Shekara ukku na fari bai taɓa kuɗi ba. Shara, ɗiban ruwa, yankan ciyawar doki, shimfiɗa tabarmi, kai tuwo ga baƙi, riƙon buta. Ya ce sau biyu yana tarar da kuɗi ƙarƙashin tabarmar maigida in ya zo shara, yana maida su inda ya gan su, sai bayan shekaru ya gane ba mantuwa ba ce. A shekara ta huɗu anka fara sa shi bin wani babban bara zuwa kasuwannin ƙauye. A ta shidda anka ba shi jakar kuɗi shi kaɗai.

Shi kuma mi ya samu? Ci da sha da wurin kwana. Riga da wando da hula kowace Sallah. Uban gida ne ke biya mashi lanho, shi ke neman magani in ya kwanta. Da ubanshi ya rasu, uban gida ya zo har garinmu bisa doki, da likkafani da buhun hatsi. A shekara ta takwas ya yi mashi aure, sadaki da kaya duk daga aljihunshi, ya ba shi ɗaki a bayan gida. A shekara ta goma sha huɗu ya kira shi gaban mutane, ya ba shi jari da sikeli, ya ce ya je ya ci gashin kanshi. Wannan ya faɗo a 1960, don haka tsohon yakan yi dariya ya ce shi da Nijar shekara guda sunka samu ƴanci. Amma ko bayan sallama bai taɓa barin Juma'a ta wuce bai je gaisuwa ba, har ran da mutumin ya bar duniya. Ɗanshi na fari, wato mahaifina, sunan uban gidan nan yake ɗauke da shi.

Wanda ya ji wanga labari zai ce kai, mutanen da akwai kirki. Akwai kam. Amma mu duba abin da ke ƙarƙashi.

Barance ya girmi zuwan Nasara nesa ba kusa ba. Tun zamanin fatake da ke zuwa Gwanja ɗauko goro, madugu ba ya tafiya sai da yaranshi. Amma abin da ya ƙara mashi ƙarfi a ƙasarmu shi ne gujiya, wadda Kanawa ke cewa gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan Ƙauran Namoda a 1929, sai gujiya ta zama kuɗi. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da CNF sunka kafa kantuna a Maraɗi da Damagaram. To, Baturen kamfani ba ya iya zuwa kowace kasuwa, ba ya jin Hausa sosai, bai san wane manomi ne ke da kaya ba. Saboda haka in kaka ta yi sai ya ɗauki kuɗi masu yawa ya ba ɗan kasuwar da ya yarda da shi, ya ce ya sayo mashi, a biya shi la'ada. Shi kuma ɗan kasuwa ba ya iya raba kanshi goma. Sai ya kasa kuɗin nan ya ba barwanshi: wanga ya nufi Cadawa, wancan Gazawa, wani Ɗan Isa, wani Gidan Rumji. Yaro ya rataya jakar kuɗin da ubanshi bai taɓa gani ba tun da anka haife shi, ya yi kwana da kwanaki a daji, babu takarda, babu sa hannu, domin daga mai bayarwa har mai karɓa babu wanda ya shiga lakwal.

Ku duba nan da kyau. Kuɗin ba na uban gida ba ne, na kamfani ne. In bara guda ya gudu da jaka, uban gida ne zai biya, kuma baɗi Bature ba zai sake ba shi ko sisi ba. Ke nan abin da ɗan kasuwa ya fi buƙata a lokacin shi ne mutanen da zai iya rufe ido ya ba su dukiya. Shi ne abin da tsofaffi ke kira arzikin mutane, kuma da shi ake auna girman Alhaji kafin a auna kuɗinshi. Irin waɗannan mutane ba a sayensu a kasuwa, renonsu ake yi. Auren da anka yi ma kakana da likkafanin ubanshi alheri ne, babu shakka, amma kuma da su ne mai gidan ya sayi barcinshi na dare a lokacin cinikin gujiya. Alhasan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, da wannan hanya ya zama abin da ya zama: kamfani na ba shi, shi yana ba yaranshi.

Ta gefen bara kuma haka abin yake. Ɗan talaka daga ƙauye, ina zai samu jari? Banki bai san da shi ba. Ƙofa guda ce, ita ce ta uban gida, kuma mabuɗinta haƙuri. In kuwa ya ci amana, ina za shi? Daga Tasawa har Katsina da Kano ƴan kasuwa sun san juna, labari ya riga shi isa. Ga ubanshi da ya kama hannunshi gaban liman, shi za a zo a tsare, gonarshi za a sayar, ƙannenshi mata su rasa masu neman aure. Kowane daga cikinsu yana riƙe da igiyar ɗan'uwanshi.

Kada kuma mu yi ma zamanin nan kwalliyar da ba ya da ita. Amanar bara ga uban gidanshi sau da yawa bisa kan manomi take sauka. Kakana da bakinshi ya gaya mini yadda ake danne sikeli da ƙafa, da yadda ake ba manomi bashi da damina lokacin da rumbu ya ƙare, a karɓi gujiyarshi da arha in kaka ta yi. Iyayenmu da sunka zauna gida su ne sunka biya wani kashi na rigunan Sallar barwa. Sannan ba kowane uban gida ne ya cika alkawari ba. Tsofaffinmu sun san waɗanda sunka tsufa a zauren wani, furfura ta fito, babu mata, babu jari, ana ce masu "yaro" har sunka mutu. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Sai dai a lokacin, mai yin haka sunanshi na ɓaci, kuma babu uban da zai sake kai mashi ɗa.

Ana cikin haka wata hanya ta biyu ta buɗe, ita ce aikin albashi. Farkonta ba daɗi. Aikin Nasara na fari aikin tilas ne: kumandan ya aiko ma sarki, sarki ya aiko ma mai gari, a kama samari a tafi da su gyaran hanya ko ginin Yamai, wadda ta karɓi babban birni daga Damagaram a 1926. Mutane nawa sunka tsallaka ƙasar Ingilishi don gudun wannan? A irin wanga aiki babu zancen amana, sai bulala da gudu. Dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ita ta kashe aikin tilas. Bayan yajin aikin da ma'aikatan Afirka ta Yamma ta Faransa sunka yi ranar 3 ga Nuwamba 1952, majalisar Faransa ta fitar da dokar aiki ta 15 ga Disamba 1952, mai maganar awa 40 a sati da hutun da ake biya. Ƙungiyoyin ma'aikata sunka yi ƙarfi. Djibo Bakary, wanda shi ma da malamin lakwal ne, ta cikinsu ya yi suna kafin a san Sawaba.

Bayan ƴancin kai gwamnati ta zama babban uban gida. Ta kafa bankin BDRN a 1961, ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe fitar da gujiya, da Copro-Niger, da UNCC ta ƙungiyoyin manoma. A 1965 anka kafa CNSS, asusun da ke biyan kuɗin iyali da na tsufa. Sannan ga uraniyom: Somaïr ta fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak a Akuta a 1978. Ƴan garinmu da sunka samu shiga kamfanonin nan sun ga abin da ba su taɓa gani ba, gida, ruwa, wuta, asibiti, duk na kamfani. Mutum ya shiga da ƙuruciya ya fito da furfura, shekara ashirin da biyar ko talatin a wuri guda. In kun lura, wannan ma barance ne cikin wata riga. Ka ba ni ƙarfinka da shekarunka, in riƙe ka da iyalinka har tsufa. Bambancin kawai, a nan takarda ce ta tsaya a matsayin liman da mai unguwa, kuma uban gidan ba ya da fuska, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza.

Har wajen 1970 hanyoyin nan biyu suna tafiya tare. A 1966 da 1967 ƙasar nan na noma wajen tan 300,000 na gujiya a shekara, kuma ita ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga waje. Ko da UNCC ta fara karɓe wasu kasuwanni daga hannun ƴan kasuwa, aiki bai ƙare ba. Motoci sun yawaita, domin tun 1953 ana bi da wani kashi na gujiya ta Faraku zuwa Kwatano, kuma kowace babbar mota da karen motarta, yaron da ke bin direba shekara da shekaru yana wanke mota yana sa waigi, da fatan wata rana a nema mashi takardar tuƙi.

Sai fari ya zo. Wanda duk ya ga 1973 da 1974 ba ya son a tuna mashi. A 1975 kuma, da anka samu ruwa, sai darɓa ta faɗa ma gujiya ta kawo cutar da manoma ke kira kuturta, gonaki sunka lalace. Daga nan gujiya ba ta sake komawa yadda take ba, manomi ya koma ga hatsi da wake. Ƙafa ta fari ta karye ke nan, domin aikin da ke sa uban gida neman yara talatin ya mutu.

Alhazan ba su talauce ba, ku fahimce ni. Wasu ma a lokacin ne sunka yi kuɗin da ba su taɓa yi ba. Tun yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, sun koyi wata hanya: a shigo da kaya ta Kwatano, taba sigari da atamfa da makamantansu, a tsallaka da su Nijeriya inda anka hana shigo da su. Amma wanga ciniki ba ya son taron yara. Abin da yake so shi ne bashin banki, da mota, da sanin manya a kan iyaka, da malami guda mai jin Faransanci wanda zai cika takardun duwan. Yaron da ya yi shekara goma yana riƙon buta sai ya ga an ɗauko ɗan lakwal an ɗora bisa kanshi. Bayan ƴan shekaru kuma ɗiyan Alhaji da kansu sunka gama karatu sunka dawo, sunka zauna bisa kujerar da bara ke hange. Ga kuma abin da ba a cika faɗi ba: in Alhaji ya rasu, dukiya ta magada ce, bara ba ya da gado. Alkawarin jarin da ba a rubuta ba, wanda ba a yi gaban kowa ba, sai a rufe shi tare da mai shi.

Shekarar 1984 ta ƙarasa abin da ya rage. Fari ya dawo, kuma a watan Afrilu gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, ba a buɗe ta ba sai 1986, shi ya sa har yau muke kiran yunwar nan El Buhari. Gidajen da ke fitar da akushi ashirin zuwa zaure sunka koma fitar da biyar. Masu gida da yawa sunka ce ma yaransu kowa ya nemi inda zai sa kanshi. Ba na zarginsu, ba su da yadda za su yi. Amma yaran da anka sallama hannu wofi a shekarar nan su ne iyayen samarin yau, kuma sun gaya ma ɗiyansu abin da sunka gani.

Babban uban gida shi ma bai tsira ba. Tun farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, bashi ya hau ƙasa, masu ba da bashi na waje sunka sa sharaɗi a rage ma'aikata a rufe kamfanonin da ba su kawo riba. SONARA ta mutu. BDRN ta rushe a 1990 saboda basussukan da ba a biya ba. Cikin shekarun 1990 ma'aikatan gwamnati sun yi ta bin albashin watanni da yawa, har mai kanti ya daina ba mushe bashin sukari. A watan Janairu 1994 anka karya darajar sefa da rabi, abin da mutum ya tara cikin shekara ashirin ya zube a dare guda. Tun ƙarshen shekarun nan kuma anka shiga ɗaukar malaman lakwal da kwantaragi, har sunka fi cikakkun ma'aikata yawa a makarantun firamare. Ni kaina da kwantaragi na fara. Na taɓa yin wata ukku ban ga ko dala ba, ina cin tuwon mai gari, kuma ba zan ɓoye maku ba, duk lokacin nan idona na bisa hanya, da na samu wani aiki da na bar yaran mutane da allonsu. To, da wane baki zan zagi yaron kanti?

Na baya-bayan nan shi ne rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikatan kamfani na ainihi, wajen mutum 600, an ba su kuɗin sallama. Amma ɗaruruwan da ke aiki ta hannun ƴan kwangila, waɗanda sunka shiga rami guda da su sunka shaƙi ƙura guda, ba su samu irin wannan ba. Wasu daga cikinsu ƴan garinmu ne, sun dawo muna ganinsu.

Yanzu sai mu zo ga halin da muke ciki, wanda a ganina ya fi na da muni ta kowane gefe, domin mun ɗauko rabin wancan mun haɗa da rabin wannan. Mai kanti na yau yana son yaro ya yi mashi biyayyar bara: ya buɗe da asuba, ya rufe da tsakar dare, ya kai yara lakwal, ya yi ma uwargida cefane, kada ya tambayi komi. Amma in an zo maganar aure da jari sai ya ce ai albashi nake biyanka. In kuma an zo maganar albashi, a ce doka ta sa mafi ƙanƙanta jika 42 a wata tun Janairu 2024, a kuma rubuta yaro a CNSS, sai ya ce ai wannan ɗana ne, ba ma'aikaci ba, wa ke yin takarda da ɗanshi? Yaro kuma yana son a ci da shi, a yi mashi magani, a taimaki uwarshi in ta aiko, kamar bara, amma yana son ya tafi ran da ya ga dama kamar ɗan ƙwadago. Laifi tudu ne, kowa ya taka nashi yana hangen na wani.

Kun san labaran nan biyu, ba sai na kama suna ba. Akwai yaron da ya yi shekara tara a kantin wani ɗan garinmu, da ya tada maganar aure anka ce kaya sun ɓata a hannunshi, anka ba shi kuɗin mota. Akwai kuma wanda anka saya ma babur sabo fil don ya yi kabu-kabu, bai cika wata biyu ba ya sayar da shi ya nufi wurin zinariya a arewa. Duka biyun gaskiya ne, duka biyun kuma an kawo su gaban ƙungiya mun kasa yanke komi, domin da anka tambayi mi anka shirya tun fari, babu wanda ya iya faɗi. Babu shaida, babu wa'adi. A zamanin kakana ko ba a faɗa ba gari duka ya san ƙa'ida. Yau kuwa yaro na da ƙofofi da yawa, tun da anka gano zinariya a Jado a 2014, ga Libiya, ga Aljeriya, ga Abijan, kuma waya na aljihunshi tana gaya mashi abin da abokinshi ke samu a can. Mai gida shi ma yana da yara da yawa a bakin ƙofa masu jiran a kore wani su shiga. Igiyar da ta ɗaure su a da babu ita.

Abin da ya ba ni mamaki cikin binciken nan shi ne, wuri guda da na tarar amana na riƙe har yanzu shi ne wurin masu baburan nan da ake yi ma wa'adi. Mai babur ya ce ka kawo kaza kowace rana har wata kaza, in ka cika babur ya zama naka. Yaran da ake cewa ba su da amana, su ne za ka gani suna fita cikin ruwa da sanyi don kada kwana guda ya kuɓuce masu. Dalili kuwa a fili yake: sun san ranar da za a sallame su, sun san abin da za su riƙe a hannu ran nan, kuma ana rubuta kowane biya cikin littafi. Wanda ya sayar da babur ya gudu, da na bincika, ba a yi mashi wa'adi ba, cewa anka yi ya yi ta kawowa.

Don haka ga abin da nake roƙon ƙungiya ta duba. A sayi babban littafi guda a ajiye wurin magatakarda. Duk yaron da za a kai ga ɗan garinmu a birni, a rubuta shekara nawa zai yi, mi za a riƙa ba shi a wata, wa ke da nauyin magani, mi za a sallame shi da shi, kuma in Allah ya ɗauki ran mai gida kafin wa'adi, mi magada za su ba shi. A rubuta kuma abin da yaro zai rasa in ya tafi ba sallama, da wanda zai tsaya mashi in ya yi ɓarna. Uban yaro ya sa hannu, mai gida ya sa, da shaidu biyu, ɗaya daga gida ɗaya daga reshen birni. Na san wasu iyayenmu za su ce takarda alamar rashin yarda ce, wani ma ya riga ya gaya mini haka da na je gaishe shi. Na amsa mashi da ladabi cewa ran da anka kai kakana, ba a ɓoye anka yi ba, liman da mai unguwa anka kira, su ne littafin wancan zamani. Malamanmu kuma sun san ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ya yi shiru, sannan ya ce in an rubuta ma yaro hakkinshi, a rubuta ma mai gida nashi. Na ce haka za a yi.

Yara bakwai ne iyayensu sunka ba da sunansu bana, ukku za su Maraɗi, biyu Yamai, biyu Agadas. Shugaba ya ce ba za a kai ko ɗaya ba sai bayan taron da za a yi in an gama ɗaurin hatsi, inda za a yanke maganar littafin. Wanda ba zai samu zuwa ba, ya aiko da ra'ayinshi ta hannun wakilin reshensu kafin lokacin, masu kanti da yaran kanti baki ɗaya. Wassalam.